Ki Auna Kauɗarki Kafin Ki Ɗaure Buhu

Yau zancenmu na shanya ne. In hunturu ya shigo tumatir ya yi araha, kowace uwargida sai ta yanka ta baza a tabarma, ga tattasai ga kuɓewa, can gaba kuma mangwaro ya nuna. Bazawa ba ta da wuya, sanin ranar kwashewa shi ne aiki.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, ni dai na lura a nan ido yakan ruɗi mai shi. Iskar hunturu takan busar da bayan abu ta bar ruwa a ciki. Ki taɓa ki ji ƙayau, ki ɗaure, damina ta faɗi ki kwance ki tarar da fumfuna. Kin yi hasarar miyar shekara. Abin da ya fi wannan muni, wata irin fumfuna tana fid da dafi, afulatoksin, mai lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe shi. Saboda haka lalle a auna. Amma da me?

Na fari, sikeli. Kusan kashi 94 cikin ɗari na tumatir ruwa ne, watau kilo 10 na ɗanye zai koma kamar giram 700 in ya bushe sosai. Ki ware faifai guda ki riƙa aunawa kowace yamma. In nauyinsa ya daina raguwa kwana biyu a jere, an kusa.

Na biyu, na'urar 'yan hatsi, wadda ake cusawa cikin buhu ta nuna lamba. Don masara da shinkafa da irinsu aka tsara ta. Zaƙin mangwaro ko na dabino yakan sa ta faɗi abin da ba shi ke nan ba. Kada ki ba da kuɗinki a kanta.

Na uku, ma'aunin laimar iska, ɗan ƙaramin abu mai batir, kamar kwalin ashana. Ki zuba kauɗa rabin kwalba, ki sa shi ciki, ki rufe gam, ki bari ya yi 'yan sa'o'i a inuwa. Ruwan da ya ɓuya cikin kauɗar zai fito ya shiga iskar kwalbar. In ya nuna ƙasa da 65, fumfuna ba ta samun wurin zama. In ya wuce, ki mayar rana. Kafin ki amince da sabo, ki jarraba shi: ki ɗan jiƙa gishiri a murfin kwalba, ki rufe su tare su kwana. Mai gaskiya zai nuna wajen 75.

Na huɗu, wani kati, DryCard, wanda masana na Jami'ar Kalifoniya a Amurka suka fito da shi, har ya ci gasa a Nairobi a 2017. Shi ma cikin kwalba ake sa shi, rabin sa'a zuwa sa'a guda. In ya yi shuɗi an bushe, in ya yi ruwan hoda da saura. Ba ya son batir, sai dai kada ruwa ya taɓa shi.

Ni na uku na zaɓa, domin da tumatir da mangwaro da barkono duk lamba ɗaya nake nema, 65. Wadda ba ta da hali, ku haɗa kuɗi ku mata biyar ku sayi guda, yau gidan wannan gobe gidan waccan. Ku kuma 'yan makaranta, ku ne masu rubuta lambar kowace rana a littafi, ga lissafinku ya yi amfani a gida.

In ya bushe, ki adana cikin abin da iska ba ta shiga, don buhu yakan sha laimar damina. Allah ya tsare mana guminmu, amin. Haza wasalam.