Jirgi ya kawo kaya, wuta ke riƙon amana

Kifin ƙanƙara nake sayarwa a Akodesewa, unguwar da ke maƙwabtaka da tashar jiragen ruwa ta Lome. Na haura shekara ashirin a wannan sana'a, kuma jarina a wuri biyu yake rataye: teku da wayar lantarki. Jirgi ne ke kawo kaya, amma wuta ce ke riƙe su har su zama kuɗi.

Ta wajen teku dai sai hamdala. Tun 1968 aka buɗe tashar nan, kuma Allah ya hore mata zurfin ruwa. Da aka ƙara sabon wurin sauke kwantena a 2014, manyan jirage suka riƙa juye kaya a nan, ƙanana su kwasa su rarraba wa sauran tashoshin yankin. In ka tsaya bakin ruwa da dare, fitilun jiragen da ke jira kamar wani gari ne a kan teku. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da iyakar Benin ta rufe, kayan Nijar da yawa suka dawo ta Lome, su bi ta Sinkase su ratsa Burkina Faso. Direbobi 'yan Maraɗi da Tawa suka cika mana unguwa, har mai shayi da mai tuwo suka shaida.

Wuta kuwa labarinta daban. Togo ba ta samar da duk abin da take sha. Akwai madatsar Nangbeto a kogin Mono tun 1987, da tashar hasken rana ta Blitta da aka buɗe a 2021. Akwai kuma tashoshi biyu a nan gefenmu, ContourGlobal da Kekeli, masu aiki da iskar gas da ke zuwa ta bututu daga Najeriya. Ragowar daga Gana da Najeriya ake sayowa. Wato Bahaushen Lome ko fanka ya kunna, da ɗan rabon gida a ciki. Mu manya ba mu manta 1998 ba, shekarar da ruwan Akosombo ya ja baya, Lome ta sha duhu ba kaɗan ba.

A azumin 2024, da gas ya yi ƙaranci, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa, ga zafi kamar gari zai kama. Ku duba tafiyar katan ɗaya na kifi. Daga Muritaniya aka loda shi cikin kwantena mai sanyi. A jirgi tana jone da wuta, a tasha ma an jona ta, daga nan sai ɗakin sanyi na babban dila. Duk wannan nisa bai narke ba, sai da ya iso firizata, tafiyar minti goma a kan zemijan. Katan tara suka saki a rana biyu. Mai ɗakina, da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo lokacin buɗa-baki, ita ma ta zauna hannu rabbana. Wahalar ma ba ta tsaya kan kuɗi ba, don matan da ke sara a wurina suna soyawa a bakin titi, ranar da ban ba su kaya ba, ranar tukunyar gidajensu ba ta hau wuta.

Ɗana ya ce mini, "Baba, ga tashar wuta muna hangen ta, yaya za a ce babu wuta?" Na ce masa, "Murhu ne, yaro. Itacen daga wani gari yake zuwa."

Ga yadda muke yi yanzu, ko wani zai amfana. Mu uku a layinmu muka haɗa kuɗi muka sayi janareta ɗaya, kowa da ranar da yake zuba mai. Da zafi ya shigo, ba na sarin abin da ya wuce cinikin kwana uku, komai arhar da dila ya yi mini, don arha ba ta hana kifi wari. Na kuma ƙulla da mata masu banda: in wuta ta daɗe ba ta dawo ba, kafin kifi ya saki na kai musu, a rage asara. Kuɗin mai da na mita kuwa cikin farashin katan nake lissafa su, tun kafin in faɗi riba.

'Yan'uwa masu niyyar zuwa Lome da jari, kada yawan jirage ya ɗauke muku hankali. Kafin ka kama shago, tambayi maƙwabta yadda wutar layin take, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. In ka ji a rediyo ana gyaran bututun gas a Najeriya, ko ruwa ya yi ƙasa a Gana, to labarin shagonka ake ba ka. Allah ya sa albarka a nema, ya tsare mana jari.