Cinikin Jirgin Ganguna A Jihar Minesota

Jihar Minesota tana can ƙuryar arewacin ƙasar Amurka, ta yi iyaka da Kanada, kuma daga wani tafkinta mai suna Itaska ne Kogin Misisifi ya samo asali. A jikin lambar motocinsu an rubuta tafkuna 10,000, amma hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar ta ƙidaya 11,842, ban da ƙananan kududdufai. Jiragen ruwa masu rajista kuwa sun haura 800,000.

Wanda ya fi ɗaukar hankalin baƙo a cikinsu shi ne wanda suke kira fantun. Ba shi da zurfin ciki irin na kwale-kwalen da muka sani a Yawuri ko Baga. Dandamali ne shimfiɗaɗɗe, faɗinsa kamar ƙafa 8, an ɗora shi bisa dogayen ganguna biyu na alminiyam waɗanda aka toshe da walda, sa'an nan aka kewaye shi da shinge, aka jera kujeru, aka kafa rumfa, aka rataya inji a baya. Wani manomi ne na kusa da garin Ricimon, mai suna Ambrose Weeres, ake danganta wa ƙago shi a shekarar 1952, lokacin da ya haɗa gangunan ƙarfe baki da gindi, layi biyu, ya shimfiɗa musu katako.

Abin mamaki, mai karatu, kakar cinikin tana farawa ne lokacin da ruwan ya daskare. A watan Janairu, sa'ad da wasu tafkunan suka zama ƙanƙara har mota tana hawa kansu, a lokacin ne ake baje kolin jirage a birnin Miniyafolis. Magidanci ya shigo cikin rigar sanyi da iyalinsa, yara su haye kujeru, uwargida ta duba rumfa da launi. Sabon jirgi kan kai kuɗin sabuwar mota, wani ma ya zarce, don haka ba ciniki ne na gaggawa ba.

Amma wanda ya san kan abin ba ya fara da kujeru. Tafkin da zai riƙa shiga yake fara tunawa. Tafkin Minetonka, wanda ke yamma da Miniyafolis, lunguna ne da mashigai, mai ganguna biyu ya wadatar a yawancinsu. Tafkin Mil Laks kuwa fili ne fetal, ba zurfi sosai, iska na tasowa sai igiyar ruwa ta miƙe. A irin wannan ruwa ake son mai ganguna uku, domin ta tsakiyar tana ƙara masa ɗaukar nauyi, tana kuma ba shi damar jan babban inji. Kaurin gangar ma abin dubawa ne, yawanci daga inci 23 zuwa 27. Gwargwadon kaurinta, gwargwadon yadda dandamalin zai nisanci ruwa.

A ganina haɗarin wannan jirgi yana cikin natsuwarsa ne. Da yake ba ya tangaɗi, sai mutane su saki jiki kamar suna zaune a zaure, su taru a gaba don kallo. To, in nauyi ya rinjayi goshinsa yana cikin gudu, ya ci karo da igiyar ruwa, sai ya dulmiya kai, ruwa ya share dandamalin. Shi ya sa maƙera kan manna ɗan faranti kusa da mazaunin direba, wanda ke faɗin iyakar mutane da nauyi da ƙarfin injin da jirgin zai ɗauka. Dokar jihar kuma ta ce kowa a cikin jirgi sai an tanadar masa rigar ruwa, yaron da bai kai shekara 10 ba kuwa tilas tana jikinsa muddin jirgi na tafiya.

Mai sayen na hannu aikinsa ya fi yawa. Sai ya durƙusa ya bi sawun walda, ya ƙwanƙwasa kowace ganga, ya sa a girgiza jirgin ya kasa kunne. In ya ji motsin ruwa a ciki, akwai huda. Ya tattaka dandamalin lungu-lungu, don katakon da ya ruɓe a ƙarƙashin shimfiɗa ƙafa ce ke gane shi. Inji kuwa ba a yarda da shi a tudu, sai an gwada shi a ruwa.

Bayan an biya, da sauran ɗawainiya. Akwai rajista, akwai tirelar jan sa, akwai kuma dokar wanke shi da tsiyaye ruwansa kafin a kai shi wani tafkin, saboda wasu ƙananan kifayen ƙwarya masu zane da suka ɓulla a Minetonka a shekarar 2010, masu manne wa ganga da inji. Wajen watan Oktoba sai a fid da shi, a gyara injin yadda sanyi ba zai fasa shi ba, a naɗe shi da leda, wanda ba shi da fili a gida ya biya kuɗin ajiya. Nan zai zauna har ƙanƙara ta narke, wanda a Minetonka yakan kai watan Afrilu.