Wace Mota Ce Ta Dace da Mu?

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ɗalibaina kan tambaye ni ra'ayina game da motar lantarki. Ba ta hayaƙi, ba ta bukatar juyen baƙin mai. To amma mutumin da wuta ba ta kwana a unguwarsu, da me zai yi mata caji? Ni dai na fi karkata ga mai haɗa fetur da batir, irin Toyota Prius da ta fito a Jafan a 1997. Duk lokacin da aka taka birki batirinta na samun caji, saboda haka a cunkoso irin na Kano ta fi motar fetur zalla tsimin mai. Sai dai mai motocin haya ya fara neman bakaniken da ya san cikinta tukuna.