Hoton da aka karanta daga dama

A shekarun 1990, kusa da tashar mota ta Maraɗi, akwai wata rumfar kwano inda wani mai zane ke zama tsakanin gwangwanayen fenti. Shi ke rubuta karin magana a goshin manyan motoci, shi ke zana kawunan samari a allunan masu aski. Karatunsa na lakwal bai yi nisa ba, a aji shida ya tsaya, bai samu shiga kwaleji ba. Amma Allah ya ba shi hannu, har ƴan kasuwa da ma'aikata suka san shi.

A cikin watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa: faran ɗaya na Faransa, wanda ake canzawa tamma 50, ya koma tamma 100. Takarda da tawada, da yake daga waje ake shigo da su, sai suka yi tsada ƙwarai. Wannan ne ya sa wata ƙungiya mai tallafa wa ilimi ta nemi mai arha, ta kawo masa aikin hotunan bango masu kiran iyaye su sa ɗiyansu mata lakwal. An ce masa a gama kafin komawar yara cikin watan Oktoba.

Samfurin daga Yamai ya zo, an riga an amince da shi a ofis. Gida biyu gare shi. A hagu, yarinya ce ɗauke da farantin talla, fuskarta a murtuke. A dama, ita ce dai ta girma, sanye da farar riga ta ma'aikatan likita, tana murmushi. A ƙasa an jera tambarin masu ba da kuɗi, sun cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na takardar. Mai zane ya duba, ya ce aiki ya yi kyau, domin shi ma ido irin na lakwal gare shi.

Sai dai a zuciyarsa akwai wata damuwa ta gida. Wansa na ƙauye yana da ɗiya mai shekara bakwai, kuma ya rantse ba za ta taka ƙofar lakwal ba. Ba shi kaɗai ba ne. Tun zamanin mulkin mallaka, lokacin da ake tilasta wa sarakuna da masu gari su kawo yara, wasu iyaye suna ɓoye nasu a rumbu ko a daji, lakwal ta shiga ƙauyuka da sunan abin hukuma, ba da sunan abin gida ba. Mai zane ya naɗe hoton farko da ya buga, ya hau mota ran kasuwa, yana ganin gani zai kori ji.

Wan nasa almajiri ne na gaske, ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta bashinsa da ajami. Ya shimfiɗa takardar bisa tabarma, ya ɗora yatsa a dama, ya ja shi zuwa hagu kamar yadda yake bin allo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: “To, ai su ma sun faɗi gaskiya. Ga ta nan ta yi boko ta sa farar riga, ga ta nan kuma ƙarshenta ta koma talla, ranta a ɓace.”

“Yaya, ba haka ake karanta shi ba, daga hagu ake farawa.”

“Wa ya ce? Ni dai tun ina yaro daga dama aka koya mini.”

Mai zane ya rasa ta cewa. A shekarun nan kuwa ma'aikata kan yi watanni ba albashi, masu takardar shaida da yawa suna zaune ba aiki, saboda haka fassarar wan nasa ba ta yi kama da wauta ba. Ya zagaya kasuwa yana nuna hoton ga mahauta da masu awo da tsofaffi mata, ba ya bayani, tambaya kawai yake yi: “Baba, me ka gani a nan? Inna, wace ce wannan?” Wata ta ce mata biyu ne, uwar ɗaki da baiwarta. Wani ya tambayi dalilin da ya sa babbar ba ta da kallabi. Wata tsohuwa ta ji haushi, ta ce da tallan nan aka yi wa ɗiyanta uku kayan ɗaki, don me za a zana shi kamar abin kunya? Wani mushe kuma ya nuna masa rubutun: an so a ce “ƙarfin ƙasa”, amma injin ofis ba shi da haruffa masu ƙugiya, sai aka buga “kasa”, wato sunan maciji. Alhali tun taron Bamako na 1966 aka tsayar da ƙa'idar rubuta harsunan yankin, kuma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram.

Komawarsa ofis ba ta zo da sauƙi ba. Wanda ya ba shi aikin ya ce samfuri ya riga ya samu sa hannu, kuma ba shawara aka ɗauke shi ya bayar ba. Jikkunan da zai samu a wannan aiki sun fi na wata uku a tasha, yana iya yin shiru ya buga. Amma ya ce: “Ranka ya daɗe, ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Wanda kuka yi hoton domin shi bai gane ba. Ku ba ni mako guda.”

Abin da ya kawo gida ɗaya ne tak, babu hagu babu dama. Dattijo yana zaune a zaure, ɗiyarsa da kallabinta tana karanta masa wasiƙar ɗansa da ya tafi cin rani. Allonta na jingine a bango, kayenta na lakwal yana gefe. Ya rage launuka zuwa biyu, baƙi da shuɗi, don kowane launi bugunsa daban da kuɗinsa daban, kuma ja shi rana ke fara cinyewa. Kalmomi huɗu kawai ya sa, manya, ya ɗora musu ƙugiyoyinsu da hannu: “Ɗiyarka, mai riƙe asirinka.” Tambura kuwa ya matse su a layi ɗaya. An yi gardama, daga baya aka yarda a buga nasa tare da na Yamai.

Da ya kafa ɗaya a jikin zauren wansa, da ƙusa da marfin kwalba, tun da manni ba ya kama ginin ƙasa, dattijon bai ce hoton ya yi kyau ba. Cewa ya yi: “Wasiƙar da yaron nan ya aiko bara, kafin a karanta mini ita rabin gari sun ji abin da ke ciki.” Sannan ya shiga tambaya: nisan lakwal, da wanda zai koyar, da ko za a bar ta ta je makarantar allo da asuba. Hoton bai amsa ko ɗaya ba. Ƙofar magana kawai ya buɗe, sauran aikin na mushe ne da uwar yarinya. Yarinyar ta shiga, ta kai aji shida aka yi mata aure. Ba ta sa farar riga ba, amma ita ke rubuta lissafin man gyaɗarta, kuma ba wanda ya roƙe ta kafin ta kai nata ɗiyan.

Tun daga lokacin an yi dokar tsarin ilimi ta 1998, an yi dokar kare karatun ƴan mata ta 2017. Yau matasa na tsara hoto da kwamfuta ko wayar hannu cikin sa'a guda, su watsa shi ta WhatsApp. Kayan aiki sun sake, amma tarkon yana nan inda yake: a zana abin da zai burge mai biyan kuɗi, a manta da mai ɗiya. Ɗan kasuwa ba ya sarin atamfa sai ya san idon masu saye. Haka ya kamata ma'aikacin da ke shirin sa hannu a kan samfuri ya fara kai shi kasuwa, ya yi shiru, ya ga inda yatsan dattijo zai fara sauka.