Tseren Keke Tun Daren Juma'a Yake Farawa



Mu ne 'yan tsirarun nan da kuke gani muna jingine kekuna masu siraran taya da lanƙwasasshen kai a bayan ajujuwa. Yawancinmu daga Daurawa muke, wasu Gyaɗi-Gyaɗi, wasu Tarauni. Ranar Asabar bayan sallar asuba mukan haɗu da yayyenmu na unguwa mu kama titin Maiduguri, mu wuce Hotoro da Mariri, mu juyo kafin manyan motoci su cika hanya. Wani lokaci motsa jiki ne kawai, wani lokaci kuma tsere ne na gaske, wanda ya zo ƙarshe ya sayi ƙosai. Mutane suna ganin gudun, amma ba sa ganin aikin da ake yi wa keken kafin a hau shi, shi ya sa muka ce bari mu yi bayani a wannan allo.

Da farko dai, keken tsere ba Rali ba ne, ba kuma Fonis ba. Kakanninmu sun san Rali sarai, kamfanin Raleigh har masana'anta ya taɓa kafawa a nan Kano, kuma kowane mai gyaran keke a bakin titi ya haddace shi. Namu kuwa kusan duk na gwanjo ne, wani ya gama more shi a Turai kafin ya iso kasuwar Sabon Gari. Kayansa ba su cika samuwa a wurin mai faci na unguwa ba. Ga misali mai ɗaure kai: tayar Fonis ana ce mata 28, tayar keken tsere ma wasu 'yan kasuwa 28 suke ce mata, alhali ba ɗaya ba ne. Ta Fonis faɗin bakinta milimita 635 ne, ta tsere wadda ake rubuta wa 700C kuwa 622. Bambancin kaɗan ne a ido, amma ko ka kwana kana dannawa ba za ta zauna ba. Saboda haka in za ka shiga kasuwa, karanta lambar da ke jikin tsohuwar tayarka, ko ma ka ɗauke ta ka tafi da ita. Haka bawul ɗin tiyub. Na keken tsere siriri ne mai ɗan noti a kai, bakin famfon masu faci ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi na tagulla. Abin bai kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ba, amma wanda ba shi da shi zai iya turo keke da ƙafa daga Mariri har gida.

Babban abokin gabanmu shi ne ƙura, musamman da hunturu. Kaca tana son mai, ƙura kuma tana son kaca mai maiƙo. In suka haɗu sai su zama wani baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. A nan muka saɓa da masu gyaran unguwa, tare da girmamawa, domin su baƙin man inji suke tuttula wa kaca har yana ɗiga. Ga keken kai niƙa wannan ba laifi, amma ga mai giya takwas ko tara ɓarna ce. Mu kananzir muke sa wa a tsohon buroshin haƙori mu wanke ta tas, mu goge da tsumma, mu bari ta bushe, sannan mu ɗiga mai marar kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, mu juya feda baya, mu sake gogewa. Man da ke aiki yana cikin gaɓar, wanda ya rage a waje kiran ƙura kawai yake yi.

Kaca kuma tana tsufa ba tare da ta tsinke ba. Malaman lissafi za su so wannan: tsakanin kowace ƙusar kaca da ta kusa da ita rabin inci ne cif. Ke nan in ka ɗora rula daga tsakiyar wata ƙusa, ya kamata alamar inci 12 ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. In ta zarce da ɗaya bisa takwas na inci, kacar ta gama yayi, kuma mai yiwuwa ta riga ta cinye haƙoran giyar baya. Daga nan ko ka sa sabuwa sai ta riƙa tsalle duk lokacin da ka miƙe ka taka da ƙarfi. Kaca ɗaya ta fi kaca da haƙora araha nesa ba kusa ba, kuma mu da kuɗin tara muke tara na gyara. A lura kuma, kacar giya bakwai ta fi ta giya goma kauri, ba a musanya su, ko da duka biyun an rubuta musu Shimano.

Sai iska. Siririyar taya tana son iska sosai, wajen 80 zuwa 100 a ma'aunin famfo, gwargwadon nauyin mahayi, kuma tana saki a hankali ko ba ta huje ba. Matsawa da babban yatsa ba awo ba ne. In iskar ta yi ƙasa ka faɗa rami, ƙarfen wili zai datse tiyub ya bar huji biyu kusa da juna kamar saran maciji, irin wanda faci ɗaya ba ya rufewa da kyau. Ga kuma tsidau a gefen kwalta, da fasassun kwalabe, da 'yan wayoyin da ke fita daga tsofaffin tayoyin mota. Duk daren Juma'a mukan juya taya a hankali a gaban fitila mu tsince abin da ya maƙale, don ƙaya takan kwana biyu a cikin roba kafin ta kai ga tiyub.

Burki ba ma wasa da shi, don a nan maganar ta wuce ta cin tsere. Titin da muke bi namu ne da 'yan A Daidaita Sahu da tirela da awaki. Robar burki in layukanta suka shafe a sauya ta, wayar burki in zare ɗaya ya tsinke a bakin noti a sauya ta, ba a jira na biyu. Wanda ya zo ba hular kwano kuwa yayyenmu ba sa barinsa ya shiga layi, ko ɗan wane ne.

Abin da muke ɗauka a hanya ba shi da yawa: tiyub ɗaya ko biyu a naɗe cikin tsohuwar safa don kada ƙarfe ya goge su, faci da sholisho, abin ɓare taya, ƙaramin famfo, alanki mai lamba 4 da 5 da 6, mahaɗin kaca, gorar ruwa da 'yan dabino. Sholisho yana da wata mugunta, in an taɓa buɗe shi yakan bushe a cikin kwalinsa ba ka sani ba, don haka a matsa shi a gani tun a gida. Akwai kuma doka ɗaya da muka gada daga manya: ba a sa sabon abu ranar tsere. Sabon sirdi, sabuwar waya, sabuwar kaca, duk a gwada su tun Laraba. Waya sabuwa takan ɗan saki bayan hawa ɗaya ko biyu, giya ta fara ƙin shiga, gara hakan ya faru a layin gidanku.

Kada wani ya ɗauka matsalar kaya ta yaran unguwa ce kaɗai. A gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ita ce ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke a wannan gasa, ta yi tseren kan titi da kekenta, amma da aka zo na cikin fili ba ta da irin keken da ake buƙata, sai tawagar Jamus ce ta ba ta aro. A shekarar ce kuma Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France ya tafi da koriyar riga. Irin su Girmay mota ce ke bin su a baya ɗauke da kekuna da wiloli, da makanikai masu sauya taya cikin daƙiƙoƙi. Mu motarmu ita ce aljihun bayan riga.

Wannan ya kawo mu ga roƙon da muke da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya ga yadda kekuna suka ƙaru a bakin ƙofar makaranta, har da na wasu malamanmu. Amma duk makarantar nan babu famfo ko ɗaya. Yaro in tayarsa ta sace da safe, sai dai ya tura keken bayan an tashi, cikin rana, wani har Unguwa Uku. Muna roƙon hukumar makaranta ta ba mu ɗan lungu a ɗakin ajiyar kayan wasanni da akwati mai kwaɗo. Famfo mai ma'auni da sifana da alanki mu za mu haɗa kuɗi mu saya, mabuɗi kuma ya zauna a hannun malamin wasanni. Muna kuma roƙon a matsar da wurin ajiye kekuna zuwa inuwa, don zafin watan Afrilu yana busar da roba har ta tsattsage.

Ranar 3 ga Yuni ita ce Ranar Keke ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2018. In an ba mu izini, a makon muna so mu zauna lokacin tara mu nuna wa duk mai so, maza da mata, yadda ake cire wili da yin faci da ɗaure burki. Mai sha'awa ya ba wa sakataren ƙungiyar 'yan jarida sunansa da ajinsa, ya kuma taho da tsohon buroshin haƙori da tsumma.