Masu Gadi da Suka Juya wa Gida

Idan yaro ya kama yawan ƙishirwa da fitsari, yana ramewa ko da yana cin abinci, nan da nan sai zargi ya tashi. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce uwarsa ce ta cika ba shi alewa, wani kuwa ya ce alhakin iyaye ne. Ciwon sukari na yara bai fito daga ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Allah ya sa masu gadi cikin jininmu, wato fararen ƙwayoyin jini. Akwai wani irinsu da likitoci ke kira ƙwayoyin T, aikinsu shi ne su gane baƙuwar cuta su kashe ta. A wannan ciwo kuwa sukan ruɗe, su far wa 'yan gida, wato ƙwayoyin da ke yin insulin a wata gaɓa da ke bayan tumbi. In waɗannan suka ƙare, sukari ya taru cikin jini ke nan. Kafin a gano insulin a Kanada a 1921, irin wannan yaro ba ya daɗewa a duniya.

Likitoci sun nemi hanyar tsai da masu gadin. A shekarun 1980 an gwada wani magani mai danne su, amma yana ɓata ƙoda, da an daina shi kuma ciwon ya ci gaba. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani mai suna Tzield, wanda ake sawa ta jijiya kwana 14. Yakan manne wa ƙwayoyin T, masu faɗan su gaji su yi sanyi, masu tsawata musu kuma su ƙaru. A gwajin da aka yi da mutum 76 waɗanda ciwon bai bayyana a jikinsu ba tukuna, ya jinkirta bayyanarsa kamar shekara 2.

Jinkiri ne, 'yan'uwa, ba warkarwa ba ce, tsadarsa kuma ta fi ƙarfin talaka. Saboda haka kada iyaye su ji labarin sabon magani su daina yi wa ɗansu allurar insulin, gama ransa na rataye a kanta. Ikkilisiya kuwa ta bar neman mai laifi. Ta taimaka da kuɗin allura da na mota zuwa asibiti, ta kuma yi addu'a domin masu bincike.