Yayen Babba

Idan Bafaranshe zai yi maganar halin da mutum ke shiga bayan ya bar shan taba, kalmar da yake ɗaukowa ita ce «sevrage». Da wannan kalma ce kuma yake kiran cire yaro daga nono, wato yaye. Bahaushe bai haɗa abubuwan nan biyu a bakinsa ba. Shi dai cewa yake yi «wane ya bar taba», kamar wanda ya bar takalmi a ƙofar masallaci, abu na taki ɗaya, an yi an gama. Amma duk wanda ya zauna gida ɗaya da mashayin sigari a makon farko na barinsa ya san ba haka zancen yake ba. A wannan gaɓa dai Bafaranshe ya fi kusa da gaskiya.

Abin mamaki shi ne, ba a koya wa Bahaushe yaye. A ƙasar Gobir, kamar sauran ƙasar Hausa, idan yaro ya doshi shekara biyu, ba a wayar gari kawai a hana shi nono. Akan sa rana. Akan karɓo rubutu wurin malam, a dama kunu ko fura, a ɗauke yaron daga ɗakin uwarsa a kai shi wurin kaka, don kada ido ya gani rai ya biya. Sannan kowa a gidan ya san za a sha kuka dare biyu ko uku, kuma ba wanda zai ce yaron ya lalace ko ba shi da tarbiyya. Ana goya shi, ana rarrashi, ana jira, domin an san kukan yana da iyaka. Duk wannan hikima tana nan a hannun tsofaffin mata, sai dai ba a taɓa zaton babba mai gemu zai buƙace ta ba.

Akwai wani malamin makaranta a karkarar Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, wanda ya buƙace ta. Shekara 19 ya yi yana shan sigari, tun yana ɗalibi a birnin Maraɗi. Kara goma a yini, ya kai sha biyu idan ana gyaran takardun jarrabawa. Bai cika sayen kwali ba. Kara-kara yake karɓa wurin mai tebur na bakin hanya, a rubuta, ƙarshen wata ya biya, wai don ya riƙa ganin kamar kaɗan yake sha. Tarin asuba bai sa ya bari ba, ƙorafin mai ɗakinsa ma bai sa ba. Abin da ya sa shi ne ranar da aka kama wani ɗalibi bayan aji da guntun sigari, aka kawo shi gaban malamai, sai ya ga ashe yaron da ya fi shekara yana aike wurin mai tebur ne. Yaron bai ce uffan ba, kallonsa kawai ya yi. A daren nan malamin ya zuba ragowar karan da ke aljihunsa cikin murhu.

Yinin farko ya zo da sauƙi, har ya fara raina abin. Ai kowane watan azumi yakan kai faɗuwar rana bai sha ba. Abin da bai lura da shi ba shi ne, mai azumi yana da alkawari da magariba. Jiki yana haƙuri ne don ya san ana kiran salla za a biya shi bashinsa, mashaya da yawa ma kafin su taɓa kunu sun ƙyasta ashana. Wannan karon magariba ta yi, isha'i ta wuce, ba a biya ba.

Sinadarin da ke ɗaure mai shan taba shi ne nikotin, wanda ya samo sunansa daga Jean Nicot, jakadan Faransa a Fotugal da ya aika da taba fadar ƙasarsa wajen shekarar 1560. Daga zuƙa zuwa ƙwaƙwalwa bai fi daƙiƙa 10 zuwa 20 ba, kuma cikin kamar awa 2 rabin abin da ya shiga jini ya fita, shi ya sa mashayi ba ya daɗewa bai lalubi aljihu ba. Shekara da shekaru ƙwaƙwalwa ta gyara zamanta saboda wannan baƙo, ta ƙara masa shimfiɗa. Ranar da bai zo ba sai gida ya rikice. Alamomin rikicewar sukan fara tun yinin farko, su kai matuƙa a kwana na biyu ko na uku, sannan su yi ta lafawa cikin mako 2 zuwa 4. Wannan ɗan lissafi shi ne guzurin da ya fi kome amfani ga mai barin taba, kuma shi ne ba wanda ya ba malamin.

A kwana na uku ya shiga aji da kai mai nauyi, bai runtsa ba sai gab da asuba. Ya rubuta jimla a allo, ya juyo, ya rasa abin da yake so ya ce a kanta, darasin da ya koyar ba adadi. Alli yana tsakanin yatsunsa biyu, har sau biyu yana kai shi baki. Yara suka gani, suka ƙunshe dariya. Wata yarinya ta yi ɗan kuskuren da a da ba zai ko kula ba, ya daka mata tsawar da ta sa aji ya yi tsit, malamin aji na kusa ya leƙo yana cewa, «Mushe, lafiya?» Ya ce lafiya lau. A gida kuwa miya ba ta yi ba, ruwan wanka ya yi sanyi, ƙaramin yaro ya cika kuka. Mai ɗakinsa, wadda ta yi shekaru tana roƙonsa ya bari, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, «Malam, in dai haka barin yake, don Allah ka koma wa abinka mu samu lafiya.»

Wannan magana ta fi teburin bakin hanya haɗari, domin lasisi ce daga bakin wadda ta fi kowa cancantar hanawa. Amma ba a ga laifinta ba. Ita ma ba wanda ya gaya mata cewa kukan yaye ne, ba sabon hali ba.

Bahaushe yana da gaisuwa ga kowace wahala. Mai zazzaɓi a ce masa ya jiki, wanda ya dawo daga gona a ce masa ina gajiya, wanda aka yi wa rasuwa a ce masa ya haƙuri, har mai zaman jira ana yi masa sannu da zama. Mai barin taba ne kaɗai ba shi da gaisuwa. Dalili kuwa a fili yake: shan sigari abin kunya ne a gaban manya, ana yin sa a bayan danga, kuma wanda ya ɓoye sha ba shi da bakin fitowa ya ce yana jinyar bari. Ga shi majinyaci, ga shi ba a san yana jinya ba, sai a ɗauki ciwonsa a matsayin rashin kirki.

Da dare yakan tafi fada, wurin abokai, inda buta ba ta sauka daga gawayi. Tun da ya rasa abin riƙewa a hannu, sai ya faɗa wa shayi: na fari mai ɗaci, na biyu, na uku, wani lokaci a sake sabon dahuwa ya sake karɓa. Da rana kuma goro, shi da a da sai a wurin suna yake ɓantara. A dare na huɗu zuciyarsa ta riƙa bugawa kamar kalangu, hannu yana rawa, ya tashi zaune yana salati, ya tabbata ciwon zuciya ne ya same shi. Da safe ya nufi gidan likita.

Ma'aikacin jinyar da ya tarar, wanda mutane ke kira majo, ya auna jininsa, ya saurari ƙirjinsa, sannan ya yi masa tambayar da bai zata ba: kofin shayi nawa, goro nawa? Da ya ji amsa sai ya yi murmushi. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa gaggawar fitar da kafeyin, sinadarin da ke cikin shayi da goro mai hana barci. Idan hayaƙi ya tsaya, hanta takan koma tafiyarta ta asali, sai kofin da mutum ya saba sha ya riƙa yi masa aikin da ya fi na da nesa ba kusa ba. Malamin kuwa ba ma tsayawa ya yi kan na da ba, ninkawa ya yi. Wato rabin azabar da yake ɗora wa rashin taba, daga buta ta fito. Majo ya ce ya rage shayi da rabi, bayan la'asar kuma kada ya taɓa goro. A ƙasar da hira ba ta yiwuwa sai da shayi, wannan bayani ya kamata ya riga kowane wa'azi isa kunnen mai barin taba, amma da wuya a ji shi.

Ya ƙara masa da abu na biyu: ƙwaɗayin sigari ba zaunannen abu ba ne, guguwa ce, takan taso ta yi ƴan mintoci ta wuce, ko an sha ko ba a sha ba. Aikin mutum shi ne ya cika waɗannan mintoci. Ya sha ruwan randa a hankali, ya sa asuwaki a baki, ya yi alwala, ya zaga bayan gari. Akwai magungunan da ke rage raɗaɗin, irin su cingam da abin mannawa a fata masu ɗauke da nikotin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2009; wanda ya same su ta hannun likita ya yi amfani da su, ba ragwantaka ba ce. Sai dai ba kayan teburin ƙauye ba ne. Abin da ke kan teburin ƙauye shi ne taba gari da ƙwayar tiramol, kuma majo ya ja masa kunne kan duka biyun: ta farko nikotin ɗin ce ta sake ƙofa, ta biyu kuwa gudun ruwa ne a faɗa rijiya.

Ranar Asabar ya hau babur ya tafi ƙauyen mahaifiyarsa, ba don neman magani ba, don dai ya guje wa hayaƙin fada. Tsohuwar ta dube shi ta ce, «Kai kuwa me ya same ka, ido duk ya faɗa?» Shekara 19 bai taɓa kunna sigari a gabanta ba, yana zaton ba ta sani ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, «Inna, taba na bari.»

«Ashe ka bari,» in ji ta. «Ai na daɗe ina jin warinta a rigarka. Yau kwana nawa?»

«Shida.»

«To ka wuce na kuka. Kai da aka yaye ka, dare huɗu ka hana unguwa barci.»

Ba ta ƙara kome ba. Ta dama masa fura, ta nuna masa dangar da iska ta kayar da rumbun da ke son gyara. Kwana biyu ya yi yana ɗaure kara, hannu bai zauna ba balle ya nemi aljihu, kuma kunyar da ta hana shi sha a gabanta tun yana saurayi ita ce ta yi masa gadi. Ba tare da an shirya ba, an kai yaro wurin kaka.

Komawa Cadakori ce ta fi wuya, domin taba ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. An daɗe ana noma ta a fadamun Gulbin Maraɗi, mata sun rina haƙora da furenta, kuma littafin da Emmanuel Grégoire ya wallafa a 1986 kan Alhazan Maraɗi ya nuna yadda fataucin sigari zuwa Nijeriya ya shiga cikin abubuwan da suka gina dukiyar birnin. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta kafa dokar 15 ga Mayu 2006 wadda ta hana tallarta da shan ta a wuraren taruwar jama'a, kuma ƙungiyoyi irin su SOS Tabagisme-Niger sun yi ƙoƙari a kai. Doka tana iya hana mutum wurin sha, amma ba ta zama da shi a dare na uku. Bincike ya nuna cewa cikin mutum 100 da suka bari ba tare da wani taimako ba, 3 zuwa 5 ne kawai ke kai wata shida ko shekara, kuma akasarin masu komawa a kwana takwas na farko suke komawa. Wani abokin aikinsa da ya yi koyi da shi ya bari, a kwana na biyar ya karɓi «kara ɗaya tak» a wurin ɗaurin aure, washegari ya sayi kwali. Malamin bai yi masa dariya ba. Ya san tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tsawon ashana ba.

Mako na biyu da na uku suka zo da nasu: tari ya ƙaru kafin ya ragu, ciki ya ɗaure, yunwa kamar ta mai tashi daga ciwo, da wani irin ƙunci maras dalili da yamma, kamar na wanda abokinsa ya yi ƙaura. Amma hanci ya buɗe, ya ji ƙanshin ƙosai tun daga nesa. Ya sami yarinyar da ya yi wa tsawa ya ba ta haƙuri a gaban ƴan ajinsu. Mai ɗakinsa ta fara ajiye masa soyayyar gyaɗa a aljihun riga, aljihun da sigari ke zama.

Da albashi ya fito ya je wurin mai tebur biyan tsohon bashi, na kwana 11 da ya sha kafin ya bari: kara 110, kowane dala biyar, jika biyu da dala ɗari da hamsin. Yana isa, kafin ya yi sallama, hannun mai tebur ya riga ya zaro kara ɗaya daga kwali, kamar kullum. Malamin ya ji yawu ya tsinke masa. Ya tsaya yana ƙirga kuɗin a hankali, ya sake ƙirgawa, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi kasuwa, har guguwar ta wuce.

«Mushe, an daina yi da mu ke nan?» in ji mai tebur.

«Yau kwana 19,» in ji malamin. «Ba ni ashana ɗaya ta gida, da alewar yara.»

Mai tebur ya mayar da karan cikin kwali, ya buɗe littafinsa, ya ja layi a kan shafin.